Samba, NAS ko Windows Server: ina za ka ajiye fayiloli da firinta idan kwamfutocinka ba iri ɗaya ba ne?

A ce ofis ne mai mutum goma sha biyu. Masu lissafin kuɗi suna kan Windows, mai zane ba ya rabuwa da Mac ɗinsa, akwai kuma mutum biyu da ke aiki da Linux. Firinta ɗaya ce tal a lungu. Abin da ake so bai taka kara ya karya ba: folda ɗaya da kowa zai riƙa jefa aiki a ciki, wata ta albashi wadda mutum uku kaɗai za su iya buɗewa, sannan kowa ya buga takarda daga kujerarsa ba sai ya yi yawo da filashi ba.

Duk wanda ya zo da wannan buƙata, tambayarsa ta farko ita ce wace manhaja zai saka. Ni kuwa a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba. Abin da ya kamata a fara yankewa shi ne inda jerin sunayen mutane da kalmomin sirrinsu zai zauna, da kuma wanda zai riƙa kula da shi ranar da aka ɗauki sabon ma'aikaci ko aka sallami wani. Amsar wannan ce za ta nuna maka na'urar da za ka saya. Amma bari mu fara kawar da abin da ba ya buƙatar dogon tunani.

Yaren da kwamfutocin za su yi magana da shi

Ƙa'idoji uku na raba fayil ta hanyar sadarwa aka saba ji: SMB, NFS da AFP. Na ukun ka manta da shi. Na Apple ne, kuma kamfanin da kansa ya juya masa baya: tun OS X Mavericks na 2013 Mac ya koma fifita SMB, daga macOS Big Sur na 2020 kuma Mac ba ya iya raba folda ta AFP kwata-kwata.

NFS kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da shi a 1984, kuma tsakanin Linux da Linux yana da sauri da sauƙi. Matsalarsa ita ce yarda. A tsarinsa na yau da kullum, uwar garke ba ta tambayar kowa kalmar sirri. Kwamfutar da ta haɗu da ita ce ke cewa "mai lamba 1001 ne yake neman fayil ɗin nan", ita kuma ta amince. Wanda duk yake da cikakken iko a kan kwamfutarsa zai iya ƙirƙirar mai amfani da lambar shugaban ofis ya buɗe foldar albashi hankali kwance. Ana toshe wannan kafa ta hanyar haɗa NFS da Kerberos, tsarin da ke tantance ko wane ne mutum kafin a bar shi ya shiga, sai dai aikin ba na yamma ɗaya ba ne. Ga shi kuma bugun Home na Windows ba ya zuwa da hanyar shiga NFS. Idan injina ne na Linux zalla a ɗakin da aka kulle, NFS ya yi. Idan mutane ne da kwamfutoci iri-iri, a'a.

Saura SMB ke nan. Barry Feigenbaum ne ya tsara shi a IBM a 1983, Microsoft ya ɗauka ya mayar da shi hanyar raba fayil ta Windows. Mac yana jin sa, Linux yana jin sa, kuma yana aiki ne da suna da kalmar sirri. Sharaɗi ɗaya ne: ban da tsohon bugu, wato SMB1. Ta kafarsa WannaCry, wani mugun shiri mai garkuwa da fayiloli, ya bi a watan Mayun 2017 ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. SMB2 ya zo da Windows Vista, SMB3 kuma ya zo da Windows 8 a 2012 da ikon rufe bayanan da ke bin waya ta yadda mai saurare a hanya ba zai karanta ba. Microsoft ya fara janye SMB1 daga Windows 10 a ƙarshen 2017, Samba ma ta kashe shi a bugu na 4.11 a 2019.

To, an tsayar da yare. Wa zai riƙe fayilolin?

Kwamfutar Windows ta wani a ofis

Nan kowa yake farawa, don danna linzami ne sau uku. Ka zaɓi folda, ka ce a raba, shi ke nan. Kwana biyu ana murna.

Sannan abubuwa su fara fitowa. Lasisin Windows 10 da 11 bai yarda na'urori fiye da 20 su haɗu da kwamfutar a lokaci guda ba. Duk wanda zai shiga sai an buɗe masa asusu a kan wannan kwamfutar. Idan mai ita da asusun Microsoft yake shiga, lambar PIN da yake dannawa kullum ba ta aiki ta hanyar sadarwa, sai ainihin kalmar sirrin asusun, wadda galibi ya manta tun ranar da ya sayi kwamfutar. Uwa uba, kwamfutar aikin mutum ce. Ranar da ya kashe ta ya tafi gida da wuri, ko sabuntawa ta sake kunna ta ana tsakiyar aiki, ofis duka ya tsaya. Ga mutum uku ko huɗu da suka yarda da juna, babu laifi. Fiye da haka ba na ba da shawara.

Samba a kan Linux

Andrew Tridgell ya fara rubuta Samba yana ɗalibi a jami'ar ƙasa ta Ostireliya da ke Kambera, ya sake ta a farkon 1992. Aikinta shi ne ta sa injin Linux ya yi magana da SMB kamar shi ma Windows ne. Kyauta ce, ba ta da iyakar mutum 20, kuma tsohuwar kwamfutar da aka jingine a sito za ta iya ɗaukar ta. Duk saitinta a fayil ɗaya yake, smb.conf, wanda za ka iya karantawa daga sama har ƙasa, ka kwafa ka ajiye, ka duba kuskurensa da umarnin testparm.

Amma tana da halayenta, kuma gara ka san su tun kafin ka shiga.

Na farko, kowane mutum sai ya kasance sau biyu: a matsayin mai amfani na Linux, sannan a rumbun Samba, inda ake saka shi da smbpasswd -a. Dalili shi ne Windows da Linux ba iri ɗaya suke murɗa kalmar sirri kafin su adana ba, don haka Samba ba za ta iya amfani da ta Linux ba. Mutum ya canza ɗaya, ɗayar tana nan yadda take.

Na biyu, izini hawa biyu ne. Akwai abin da ka rubuta a smb.conf, kamar valid users, akwai kuma izinin foldar kanta a kan faifai. Wanda ya fi tsauri shi ke cin nasara. Na taɓa ɓata rabin yini a wani ofis saboda wannan. Wata ma'aikaciya ta ce mini, "Malam, ina ganin fayil ɗin da idona, amma in na gyara ba ya ajiyuwa." Na duba saitin Samba ya fi sau goma, komai daidai. Ashe abokin aikinta da ya ƙirƙiri fayil ɗin shi kaɗai Linux ya ba ikon rubutu, sauran rukunin kallo kawai. Layi biyu suka warware matsalar, force group da create mask, amma kafin in gane har an fara yi mini kallon wanda bai san aikinsa ba. Idan kuwa Fedora ko Red Hat kake amfani da shi, akwai hawa na uku, tsarin tsaro mai suna SELinux, wanda zai hana shiga shiru ba bayani sai ka yi wa foldar alamar samba_share_t.

Na uku, ganuwa. Tunda aka kashe SMB1, injin Samba ba ya bayyana da kansa a jerin kwamfutocin da Windows ke nunawa. Yana nan, yana aiki, in ka rubuta adireshinsa za ka shiga, amma mai neman sa da linzami zai rantse babu shi. Wata ƙaramar manhaja mai suna wsdd ke sanar da shi ga Windows, Avahi kuma ga Mac.

Masu Mac suna da buƙatarsu ta daban. Apple ya cire Samba daga tsarinsa tun OS X Lion a 2011 ya rubuta nasa SMB, mai ƙarin bayanan da yake liƙa wa fayiloli. Idan ba ka kunna sashen Samba da ake kira fruit ba, buɗe folda mai dubban hotuna a Mac sai ya zama jiran gawon shanu. In ka kunna, har ajiyar Time Machine, wato kwafin kariya da Mac ke yi wa fayilolinsa, za ta iya sauka a kai.

Samba ta dace da wurin da ke da mutum ɗaya aƙalla da baƙin allon umarni ba ya ba shi tsoro, kuma zai daɗe a wurin. Wannan sharaɗi na biyun ya fi na farko nauyi. Na ga injin da ya shekara yana aiki lafiya, ranar da wanda ya haɗa shi ya bar aiki babu wanda ya san yadda ake ƙara sabon suna.

Akwatin NAS

NAS akwati ne na ajiyar fayiloli da ake jonawa da hanyar sadarwa, irin na kamfanonin Synology da QNAP, ko manhajar TrueNAS da kake sakawa a injinka. Abin da masu talla ba sa yawan faɗa shi ne, a cikin waɗannan akwatuna Samba ce dai ke aikin. Abin da kake saya shi ne shafin saiti: ka buɗe shi a burauza, ka ƙara suna, ka saka mutum a rukuni, ka yi wa folda alamar wa zai karanta wa zai rubuta. Duk ramukan da na lissafa a sama an riga an cike maka su. Sakataren ofis ma zai iya koyon ƙara ma'aikaci cikin minti goma.

Akwai kuma abin da ni na fi daraja shi a kan komai: ɗaukar hoton yanayin fayiloli lokaci-lokaci, wanda tsarin ajiya na faifai ke yi, wato ZFS a TrueNAS, Btrfs kuma a yawancin akwatunan Synology. Wani ya goge folda bisa kuskure da ƙarfe goma sha ɗaya, ka dawo da ta ƙarfe goma. Mai Windows ma zai iya yi da kansa ta shafin tsofaffin bugu na foldar. Ana iya haɗa wannan da hannu a kan Linux, sai dai ƙarin aiki ne.

Raunin NAS biyu ne. Kana hannun kamfanin wajen sabuntawa, ranar da ya daina tallafa wa samfurinka ka zauna da tsohuwar manhaja. Sannan sauƙin da yake da shi yana ruɗar mutane su buɗe shi ga intanet don su shiga daga gida. A 2022 manhajar garkuwa da fayiloli mai suna DeadBolt ta bi akwatunan QNAP da ke buɗe ga intanet ta kulle abin da ke ciki. Ƙofar sadarwa mai lamba 445, wadda SMB ke bi, ba ta da abin yi a waje, ko wane inji ne a bayanta. Mai son shiga daga nesa ya bi ta VPN, wato rufaffiyar hanya mai haɗa shi da ofis ta intanet.

Ga ofishin mutum goma sha biyu da na fara da shi, wannan zan zaɓa, ba tare da dogon lissafi ba.

Lokacin da jerin sunaye ya fi ƙarfin akwati ɗaya

Duk hanyoyin da suka gabata abu ɗaya ya haɗa su: sunan da mutum ke shiga kwamfutarsa da shi daban, wanda yake shiga folda da shi daban. Da mutum goma ana iya jurewa. Da mutum hamsin, injina uku, ana ɗauka ana sallama, sai ka wayi gari wanda ya bar aiki wata shida da suka wuce har yanzu kalmar sirrinsa tana buɗe wata folda da aka manta.

A nan ne Active Directory ke shigowa, wanda Microsoft ya kawo da Windows 2000. Jeri ɗaya ne a tsakiya. Mutum ya shiga kwamfutarsa da safe, Kerberos ya ba shi tikiti, da tikitin nan zai buɗe duk foldar da aka ba shi izini ba a sake tambayarsa komai ba. Ka rufe asusunsa a wuri ɗaya, ko'ina ya rufu. Linux na shiga wannan tsari ta SSSD ko winbind, Mac ma yana da hanyarsa, NAS kuma yana iya zama ɗan gida ya karɓi sunaye daga can.

Hanya biyu ce. Windows Server ita ce hanyar da aka fi bi, mai cikakkun kayan aiki, kuma samun wanda ya san ta ba wuya. Amma ban da lasisin uwar garken kanta, sai ka sayi lasisin shiga, wato CAL, ga kowane mutum ko kowace na'ura. Ɗaya hanyar ita ce Samba, wadda tun bugu na 4.0 a Disambar 2012 take iya zama shugabar yanki da kanta, wato injin da ke riƙe jerin sunayen ga duk kwamfutocin da ke cikin tsarin, har kwamfutocin Windows su shiga ba su ga bambanci ba. Babu kuɗin lasisi, amma akwai giɓi: idan ka kafa shugabanni biyu, foldar SysVol mai ɗauke da dokokin yanki ba ta kwafar kanta tsakaninsu, sai ka haɗa da rsync ko makamancinsa. Masu Samba da kansu suna ba da shawarar kada a ɗora wa wannan injin ajiyar fayiloli, a ware wani.

Ko wacce ka bi, abu uku za su ci ka in ka yi sake. Bugun Home na Windows ba ya shiga yanki, sai Pro ko sama. Kerberos ba ya yafe bambancin agogo da ya wuce minti biyar, don haka kwamfutar da batirin agogonta ya mutu za ta riƙa ƙin kalmar sirrin da take daidai. DNS kuma, mai fassara sunan inji zuwa adireshinsa, in ya karkace, komai ya karkace, saƙon kuskuren da za ka gani kuwa ba zai ambaci DNS ba ko kusa. Kafa yanki don mutum takwas ɗaukar dala ba gammo ne.

Firinta: raba ta da maganar fayiloli

Da can al'adar ita ce a rataya firinta a jikin uwar garken Windows ko Samba, kowace kwamfuta ta zo ta kwashi direba, wato manhajar sarrafa firintar, daga can. A 2021 aka bankaɗo raunin da aka laƙaba wa PrintNightmare a sashen buga takarda na Windows. Gyaran da Microsoft ya yi ya sa saka direba daga uwar garke yana buƙatar ikon mai gudanarwa, sannan bayan sabuntawar Satumba ta shekarar mutane da yawa suka fara cin karo da kuskure mai lamba 0x0000011b duk lokacin da suka nemi haɗuwa da firintar da aka raba. Mac kuwa da ma can ba ya jin daɗin wannan hanya: mutum ya canza kalmar sirri, tsohuwar tana maƙale a Keychain, ma'ajiyar kalmomin sirri ta Mac, takardarsa ta tsaya a layi tana jiran tantancewa shi kuma yana tsaye gaban firinta yana jiran ta.

Hanyar yanzu ita ce IPP, ƙa'idar buga takarda ta hanyar sadarwa, mai bi ta ƙofa 631, ba tare da direba ba. Firinta ce ke sanar da kanta a hanyar sadarwa, ta faɗi girman takardar da take ɗauka da ko tana buga gaba da baya. Apple yana kiran nasa AirPrint tun 2010, akwai IPP Everywhere, akwai Mopria, amma tushensu ɗaya. Mac da Linux duka da CUPS suke buga takarda, manhajar da Michael Sweet ya fitar a 1999, Apple ya saye ta a 2007, yanzu kuma OpenPrinting ke kula da reshen da Linux ke amfani da shi. Microsoft ma ya sanar a 2023 cewa zai janye daga rarraba direbobin kamfanonin firinta ya koma kan IPP. Idan firintarka ta shekarun nan ce kuma tana da wurin saka wayar sadarwa, ka jona ta kai tsaye, ka ba ta adireshin da ba ya canzawa, kowa ya same ta da kansa. Idan tsohuwa ce mai USB kaɗai, ka jona ta da ƙaramin injin Linux, CUPS ya raba ta ta IPP.

Sai dai a faɗi gaskiya, wannan sauƙin ba ya tambayar kowa suna. Duk wanda ke kan hanyar sadarwar zai buga. Yawancin ofisoshi ba su damu ba, kuma suna da hujja, asarar ba ta wuce takarda da tawada. In damuwar ita ce kada wani ya ɗauki takardar albashi daga tiren firinta, firintocin ofis da yawa suna iya riƙe aiki har sai mai shi ya zo ya danna lambar sirri a jikinsu, kuma wannan ya fi kowace uwar garke magance matsalar.

Idan kuwa dole ne a san wa ya buga me, to sai kowa ya bi ta uwar garke, ita kuma firintar a hana ta sauraron kowa sai uwar garken. Mutane na manta wannan rabin. Ka ƙawata tantancewa a CUPS yadda kake so, muddin ƙofa 9100 ta firintar a buɗe take, wadda ba ta san kalmar sirri ba sam, mai wayo zai zagaye ka. Ka kuma lura cewa jerin waɗanda aka yarje wa a CUPS da sunan da kwamfuta ta faɗa yake aiki, sai in ka tilasta neman kalmar sirri. Mac da Linux suna amsa wannan tambaya ta IPP ba gardama. Windows ya fi natsuwa idan ta SMB aka tantance shi, musamman a cikin yanki. Saboda haka a wurin da ake tsananta lissafin bugu, abin da ya fi zama lafiya shi ne CUPS a ƙasa, Samba a samansa don masu Windows, sauran su shiga CUPS kai tsaye.

Abubuwa biyu da za su same ka a makon farko

Idan tsohon tsarinku folda ce a buɗe ba suna ba kalmar sirri, sababbin kwamfutoci za su fara ƙin ta. Windows 11 bugun 24H2 na Pro ya daina yarda da shiga a matsayin baƙo, ya kuma wajabta sa hannu a kan saƙonnin SMB. Za ka ga shawarwarin yadda ake kashe wannan kariya. Kada ka bi su, ka buɗe wa kowa asusunsa. Kuma ranar da kake gwaji daga kwamfuta ɗaya da sunaye daban-daban, Windows zai ƙi ka da kuskure mai lamba 1219, domin ba ya yarda mutum ya haɗu da inji ɗaya da suna biyu a lokaci guda. Umarnin net use * /delete zai yanke tsohon haɗin, sannan ka leƙa ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows ka goge wadda ta adana.

Na biyun ita ce babbar firintar nan mai sikanin takarda ta tura cikin folda. Tsofaffin samfura da yawa SMB1 kaɗai suka iya, don haka ranar da ka kafa sabon tsari sikanin zai tsaya cak, wani kuma zai zo ya ce, "Yallaɓai, a ɗan kunna mana tsohon kawai, na'ura ɗaya ce." Fara duba shafin kamfanin ko akwai sabuntawar da ta ƙara mata SMB2. In babu, ka mayar da ita tana tura sikanin ta imel, ko ka ware mata wani ƙaramin inji da ba ya riƙe komai sai foldar sikanin, wanda ba ya amsa wa kowa sai adireshin firintar, daga can a riƙa kwashe fayilolin zuwa babbar ma'ajiya.